Inda Musaddiq Ya Bar Kwalekwale

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe Hakimi, Allah ya ja zamaninka. Malam Liman, Allah ya gafarta malam. Malaman makarantar da Musaddiq ya koyar, da waɗanda sunka taso tun daga Argungu da Augie, sannunku da hanya. Ummaru ɗana, da ke Aminatu, ku da kunka haife shi, sannunmu da haƙuri.

Ni ce Goggo Kulu, kakarsa. Ya sha yi mini alkawarin shi zai yi mini jawabi in na mutu, wai zai tona duk ƙaryar da na taɓa shirga wa jikoki. Ga shi mota ta kife da shi a hanyar Argungu, ni anka miƙa wa abin magana. Mijin nan nawa bai iya cika alkawari ba.

Ya kasance malamin da in yaro bai zo aji ba, sai ya hau babur ya bi shi har fadama. Mu mutanen Gwadangaji mun gani da idonmu. Ya kasance in an yi rasuwa a unguwa, shi ke fara isa maƙabarta da shebur. Ya kasance mai tsokanata, tun yana rarrafe.

Amma akwai abin da ni kaɗai zan iya ba ku shaidarsa, wato wasan Asabar.

Duk Asabar bayan azahar, shi da abokansa Atiku da Abbas, da ƙanwarsa Nazifa, sai su kewaye faifai a rumfata. Kowa ya ɗauki mutum guda cikin labari. Atiku masunci ne, Abbas ɓarawon da ya tuba rabi, Nazifa maharbiya. Shi ko Musaddiq shi ne duniyar: shi ke faɗin abin da sunka tarar a hanya, su faɗi abin da za su yi, a jefa ɗan ludo, lambar da ta fito ita ke yanke ko an ci nasara. Labari guda sunka yi shekaru suna ja. Malam Liman, kar ka sadda kai. Ka zo duba ko caca akai a gidana, ka zauna sauraro har sai da ladan ya aiko nemanka.

Wahalar wasan ita ce tuna inda anka tsaya. Da fari gyaɗa yake jerawa a faifai, kowace ƙwaya mutum ce a wurinta, ya rufe sai wani mako. Ranar nan akuya ta shiga ta cinye rundunar duka. Asabar ta zo, gardama ta kaure. Abbas ya rantse yana da rai, Atiku ya ce shi da idonsa ya ga kada ta haɗiye shi. Saura kaɗan abota ta tsinke. Sai Musaddiq ya juyo gare ni ina tsintar shinkafa, ya ce, “Tsohuwa, ke da kunnenki ba ya hutu, ina munka tsaya?”

Na faɗa musu tiryan-tiryan. Tun ranar na samu aiki ba albashi. In sun tashi, sai ya zo ya zauna bakin tabarmata ya maimaita mini komai, wa ya ji rauni, wa ke riƙe da mashi, wane gari anka yi wa alkawari. Asabar kuma ni ke buɗe zama, in ce, “Makon jiya…” Nakan ɗan ƙara gishiri, in aurar da masuncin Atiku ga aljana. Sai ya ce, “Goggo, ki ji tsoron Allah.” In ce, “Kai da ka ƙago garin fa?”

Ban taɓa gaya masa ba, wancan zaman bakin tabarma shi ne abin da nake jira duk mako. Tsohuwa ba kowa ke zama ya ba ta labari ba. Gaishe ta akai a wuce.

To ga inda anka tsaya. Ku ’yan wasa kuna cikin kwalekwale tsakiyar gulbi, ruwa na shiga, Nazifa na kwarfewa da ƙwarya. Wani abu ya ƙwanƙwasa ƙarƙashin jirgin. Ɗan ludo na hannun Atiku anka kira la’asar, Musaddiq ya ce, “Sai Asabar.”

Na tambaye shi, “Wai mi ke ƙarƙashin jirgin nan?” Ya yi dariya ya ce, “In na gaya miki, kafin jibi duk Birnin Kabi ta ji.” Bai faɗa ba. Da shi ya tafi. Na tsani wannan rowar tasa, kuma ba abin da ba zan bayar ba in sake jin ta.

Atiku, Abbas, tun ranar jana’iza ba ku taka gidana ba. Na san dalili, rumfar ce ba ku iya kallo. Ni a cikinta nake wuni. Kuma ku ji gaskiya, kaina ya fara yoyo. Shekaranjiya na nemi sunan garin da kunka fara tasowa, na rasa shi har yanzu. Abin da Musaddiq ya zuba a kaina na shekaru, in ba ku zo kun kwashe ba, a hankali zai zube, ba wanda ke da na biyunsa.

Nazifa, ɗago kanki ki dube ni. Ke za ki zauna wurinsa. Kar ki ce ba ki san abin da ke ƙarƙashin jirgi ba, ni ma ban sani ba. Abin da kika ce shi ne, shi ne. Ummaru, Aminatu, ku bar ta ta zauna. In kun ji dariya daga rumfata, ba mantawa munka yi ba.

Asabar zan shimfiɗa tabarma bayan azahar. Atiku, jifa naka ne.

Mun gode wa duk wanda ya bar gonarsa da shagonsa ya zo. Allah ya mai da kowa gida lafiya. Allah ka jiƙan Musaddiq, ka yalwata masa kabari, ka karɓi wahalar da ya yi wa yaran mutane. Ka sanyaya zuciyar uwarsa da ubansa. Ni kuma da na tsufa ya riga ni, Allah ka kyautata tawa, ka sada mu inda ba a tashi daga zama. Amin.