Jikata Ta Kore Ni Daga Majalisa

Jikata Hauwa ta zama shugabar majalisa, kuma ni ta fara kora! Assalamu alaikum, mai gabatarwa. Ni ne Alhaji Garba mai tumatir, daga Agege.

Ranar Asabar makarantarsu ta yi majalisar ɗalibai, ana muhawara kan hana okada, wato acaɓa. Wani ɗalibi ya ce duk 'yan okada ɓata-gari ne, a mayar da su Arewa. Ni kuwa kafin tumatir da okada na ciyar da iyalina, sai na miƙe daga kujerun iyaye na ce ƙarya yake. Hauwa ta buga guduma ta ce, "Baƙo ba ya magana a zauren nan. A fitar da shi." Ina waje, ta taga na ji ta sa ɗalibin ya janye maganarsa. Wallahi ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba.

Yanzu Malam Isuhu tela yana yawo a unguwa wai ta ci mutuncin kakanta, yana zuga ubanta ya cire ta daga majalisar. Malam Isuhu, ina ruwanka? Kai aka kora? Da furfurata na shiga ajin yaƙi da jahilci, kana yi min dariya. Yanzu kuma jikata za ka tsayar? Ɗana Sani, uban Hauwa, in ka cire ta, kada ka ƙara gaishe ni.

Asabar mai zuwa za su sake zama. Kowa ya zo ya gani. Malam Isuhu, na ajiye maka kujera kusa da ƙofa.