Mai Gona Bakin Gulbi

Sunan da Lado ya sa wa kansa a waya ne ya hana shi auren Adama. Yana ba wani tsohon direba labari, suna jiran a buɗe iyaka a Magama.

"Mi ka rubuta, ɗana?"

"Mai Gona Bakin Gulbi."

"Kana da gonar?"

"Babur kawai gare ni, Baba. Amma ina ganinta: mangwaro uku, albasa har bakin ruwa, balbelu na sauka da la'asar. Baffan Adama ya ce in kai shi ya gani, ko in goge ƙaryata."

"Ka goge mana!"

"In na goge, ina zan riƙa zuwa in huta?"

"Adamar fa?"

"Ran Juma'a aka ɗaura mata da wani manomi a Daddara."