Ƙarin Albashin da Na Nema a Gidan Bulo

'Yan'uwa, ina gaishe ku cikin sunan Yesu Ubangijinmu. Sunana Ishaya. Da yawanku kun san ni da buga bulo a nan Kaura Namoda, amma kaɗan ne suka san abin da ya hana ni zuwa sujada kusan shekara biyu.

Lokacin da aka ba mu jihar Zamfara, gine-gine suka tashi ko'ina. Na baro ƙauyenmu ba ni da sana'ar komai. Wani dattijo Musulmi, Baba Lauwali mutumin Badarawa, shi ya gan ni zaune a bakin tasha, ya kai ni gidan bulon da yake aiki, ya tsaya mini a gaban Alhaji mai wurin. Shi ya koya mini kwaɓa siminti da yashi. Mu tara ne, shi ne babbanmu. Da aka fara shari'ar Musulunci a jihar, wasu 'yan'uwanmu Kirista suka tattara suka bar gari, ni ma tsoro ya kama ni. Baba ya ce in zauna in yi aikina, in wani ya yi mini magana in turo shi wurinsa.

Ana nan sai gwamnati ta ƙara wa ma'aikatanta albashi. Kaya suka tashi a kasuwa, namu kuwa yana nan inda yake. Matata Rifkatu tana goyo, hatsin da muke aunawa ba ya kai mu ƙarshen mako. Ni ne mai baki a cikinmu, don haka ni na tara abokan aiki muka je wurin Alhaji.

Ya saurare mu har muka gama. Ya ce siminti ma ya tashi, kuma in ya ƙara wa bulo farashi masu gini za su koma wani wuri. In dole ne ya ƙara mana, to, ba zai iya riƙe mutum tara ba.

Da muka fito Baba ya ja ni gindin wani darbejiya. Ya ce, "Ishaya, ka bi a hankali. In an tashi rage mutane, ba da ku samari za a fara ba."

Na ji shi, na kuma gane abin da yake nufi sarai. Amma na koma na gaya wa sauran cewa Alhaji barazana kawai yake yi. Muka ajiye aiki kwana uku, ya yarda ya ƙara. Wata bai cika ba sai ga injin buga bulo an sauke daga Gusau. Aka sallami mutum uku. Sunan Baba aka fara kira.

Ya wanke shebur ɗinsa, ya jingina, ya bi mu ɗaya bayan ɗaya yana ba mu hannu. Ni ma ya ba ni. Ko rakiya ban yi masa ba.

Ba neman ƙarin ne zunubina ba, 'yan'uwa, yunwarmu gaskiya ce. Zunubina shi ne na san wanda abin zai faɗa wa na rufe bakina, kuma da ya tafi ban sake tambayar inda yake ba.

Ashe da ya rasa aiki, dako ya koma yi a kasuwar Shinkafi, da furfurarsa. Wani direba ne ya kawo mana labari cewa ya zame daga kan katakon hawa mota da buhun gero a kansa, bayansa ya taɓu, ba ya iya tashi.

Daga ranar abinci ya daina wuce mini. Na fara shan ƙwayar nan da leburori ke sha don ƙarfi, da farko ɗaya, daga baya ban ma san adadi ba. Na daina zuwa coci. Rifkatu ta yi magana na zage ta, ɗana ya matso na ture shi. Na rame har wando ba ya zama a ƙuguna. Wayyo, irin baƙin cikin da na sa matar nan!

Wata Lahadi bayan an tashi sujada, Mama Saratu ta zumuntar mata ta shigo gidanmu ta same ni kwance a tsakar gida. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta durƙusa a ƙasa da tsufanta, ta dafa kaina, ta roƙi Yesu ya buɗe bakina in fitar da abin da ke cina. Ban san lokacin da kuka ya ƙwace mini ba. Na faɗi komai a gabanta da Rifkatu. Da na yi shiru ta ce Ubangiji ya riga ya gafarta mini, saura in je in ga mutumin.

Washegari na hau mashin zuwa Badarawa. Na same shi a zaure kan tabarma, ya ƙare sai idanu. Na durƙusa na gaya masa na fahimci maganarsa ta gindin darbejiya, da gangan na yi kamar ban ji ba.

Ya ɗago kai ya dube ni. Can ya ce, "Na ji ciwo, ɗana, ba ni ɓoye maka. Ba korar ta fi yi man ciwo ba. Kullum in na ji ƙarar mashin sai in ce kai ne. Amma na yafe maka duniya da lahira." Ya sa aka dama mini fura, ya ce sai na shanye a gabansa. Na shanye ina hawaye.

Na koma wurinsa sau huɗu. Kafin damina ta ƙare ya rasu. Na je jana'izarsa, na tsaya daga baya har aka rufe shi.

Tun ranar da Mama Saratu ta yi addu'ar nan ban sake sa ƙwaya a bakina ba. Jikina ya yi ta rawa har mako biyu, amma Yesu ya riƙe ni. Har yanzu ina gidan bulon, mu shida da injin. Ciwon rashin Baba bai bar ni ba, ban kuma sa ran zai bar ni ba, sai dai yanzu ina iya ci, ina iya duban 'ya'yana.

Na gode wa Ubangiji da ya kai ni Badarawa Baba yana da rai. In akwai wanda kake jin kunyar zuwa wurinsa, ɗan'uwa, ka kai abin gaban Yesu, ka dogara gare shi, ka tashi ka je tun yana iya amsa sallamarka. Amin.