Hannun Baƙo a Kan Murfin Gora

Ina zaune a ɗakin jiran likita, wata yarinya 'yar shekara uku ta kama hannun mutumin da ke gefena, daidai kan agogonsa. Ya fizge, ya harari uwarta.

"Baiwar Allah, ke kika turo ta?"

"Ta yi me, Malam?"

"Na san irinku. Yaro ya lallaɓa agogo, babba ya kwance."

"Agogon naka da ko tafiya ba ya yi? Hannunka take so. Murfin gorar ruwanta ne ya ƙi buɗuwa."

"To ba ta da baki ne?"

"Ba ta magana, ba ta nuni da yatsa. Hannun mutum take ɗauka ta ɗora kan abin da take so. Likita ya ce larurar galahanga ce."

"Ko kallona ba ta yi ba. Wannan koya mata aka yi."

"Ni da na haife ta ma ba ta cika kallona ba."

Ya dubi yarinyar, tafinsa rufe da agogon.

"In an kira sunanta, tana waiwayowa?"

"Ba kullum ba. Lafiya?"

"Ɗan maƙwabcina ne. Yakan ja hannun ubansa zuwa ƙofa, uban ya doke shi, wai rashin kunya."

"Shekararsa nawa?"

"Jibi zai cika huɗu."

"Lallai ka san gidan maƙwabcin nan kamar naka."

Ya miƙa wa yarinyar hannu, har da agogon. Ta ɗora shi kan murfin, ya murɗe mata.