Ƙwaya a Cikin Loma

Bake: Alo? Inna? Salamu alaikum.

Inna Bana: Wa alaikumus salam. Wa ke magana? Bake ce?

Bake: Ni ce, Inna. Ina wuni?

Inna Bana: Lafiya lau, 'yar nan. Ya Kwatano? Ya ruwa?

Bake: Ruwa ya yi gyara. Ya Paraku? Ya mutan gida?

Inna Bana: Kowa lafiya. Ya mai gidan naki? Har yanzu yana nan kamar sillen kara?

Bake: Kai, Inna! Yana gaishe ki. Ya jikin Baba?

Inna Bana: Da sauƙi. Ya aiki? Ya gajiya?

Bake: Inna, hayaniyar me nake ji a bayanki?

Inna Bana: Af, ai muna asibiti.

Bake: Asibiti? Me ya faru kuma?

Inna Bana: Kwantar da hankalinki. Yau aka cire masa robar fitsarin, tun da hantsi. Likita ya ce in ya yi da kansa kafin la'asar, ɗinkin ya kama, mu tafi gida. In bai yi ba, a mai da roba, a turo mu wajenku a sake yanka shi.

Bake: Innalillahi. Ya yi?

Inna Bana: Ya dai shanye ruwa gora uku. Yana banɗaki, ni ina bakin ƙofa a tsaye kamar mai gadi.

Bake: Abin da nake tsoro ke nan! Gwaggo ta kira ni ɗazu, ta ce Baba yana gaya wa masu dubiya wai ko ƙwaya ɗaya bai sha ba tun da aka yi aikin. Inna, in wurin ya ruɓe fa? Ni ina haɗa wa mutane magani, ubana yana… Alo? Alo?

Inna Bana: Ina jin ki, layin ne ke shaƙewa. Kika ce me?

Bake: Na ce da gaske bai sha ba?

Inna Bana: Ke kin san ubanki. Mutumin da ya faɗo daga kan rufin da yake bugawa, katako ya shige tsakanin ƙafafunsa, hanyar fitsari ta tsage, ya kwana biyu a gida ko "wash" bai ce ba, wai namiji ba ya raki. Shi ne ya ga ƙwaya, idonsa ya raina fata. Wai ta cika girma, wai ɗacinta na maƙale masa a maƙogwaro. Ranar farko ya tofar da ita, kaza ta bi ta da gudu.

Bake: Shi ke nan kika ƙyale shi?

Inna Bana: Ni? Shekara arba'in ina zaune da Sabi kafinta, ki ce na ƙyale? Matso da kunnenki. A cikin sakwara nake sa masa.

Bake: A cikin me?

Inna Bana: Sakwara! In daka doya ta yi laushi, in yanko loma, in tura ƙwayar tsakiya, in mulmule, in tsoma a miyar kuɓewa. Wa ke tauna sakwara? Zuruf, ta wuce. Na ce masa likita ya hana shi miƙa hannu cikin kwano, ni ke ba shi lomar farko a baki.

Bake: Tsaya, tsaya! Ba ki daka ƙwayar ba dai? Akwai wadda aka yi ta don ta riƙa narkewa a hankali cikin ciki, in aka fasa ta…

Inna Bana: Ɗungurungum nake sa ta. Na tambayi mai ba da magani na nan, ya yi dariya har ya dafa tebur, ya ce in ci gaba.

Bake: To cuku fa? Ɗaya daga cikin ƙwayoyin nasa ba ta shiri da nono.

Inna Bana: Sati uku bai ga cukun wagashi ba. Kullum sai ya juya miya da yatsa yana tambaya ko Fulani sun yi ƙaura ne.

Bake: Wayyo cikina! Inna, kin san abin da muke yi a ɗakin bincike wata takwas ke nan? Yauƙin kuɓewa muke tacewa, muna gwada lulluɓe ƙwaya da shi don ta yi santsi, ɗaci ya ɓoye.

Inna Bana: Kuɓewa? Irin wadda ke bayan ɗakina?

Bake: Ita fa.

Inna Bana: Kuma albashi ake ba ku? Ai da kin tambaye ni, da… Shhh! Yi shiru!

Bake: Mene ne?

Inna Bana: Kin ji? Bari in kara wayar a jikin ƙofa.

Bake: Haba Inna, ubana ne fa! Ni iska kawai nake…

Inna Bana: Ba iska ba ce! Bake, ya zo! Kamar an buɗe famfo! Ayyiririii! Yi haƙuri, malamar asibiti, na san ba gidan biki ba ne. Wallahi sati uku ban yi barcin kirki ba. Ga shi ya fito yana tafiya kamar wanda ya kashe zaki. Ungo, 'yarka ce. Bari in kira likita ya gani da idonsa.

Baba Sabi: Alo, uwar magunguna.

Bake: Baba! Sannu, sannu! Alhamdu lillahi. Akwai zafi?

Baba Sabi: Zafin me? Ki gaya wa likitocinku na Kwatano su mai da wuƙarsu kube. Jikin Sabi ne ya warkar da kansa, ko ƙwaya ɗaya…

Bake: Uhm. Haka ne, Baba.

Baba Sabi: Tsaya, bari uwarki ta sha kwana. To, ta yi nisa. Ke, na sani.

Bake: Ka san me?

Baba Sabi: Tun kwana na uku. Haƙorina ya ci karo da ita, na runtse ido na haɗiye.

Bake: Baba! Shi ne ka yi shiru?

Baba Sabi: Sakwara safe da yamma, kuma a ba ni a baki? Ko tana amarya ban samu haka ba. Amma tafin hannunta duk ya yi kanta da taɓarya, na gani, ya taɓa min zuciya. Ku yi sauri da wannan ƙwaya taku mai santsi, matan mutane su huta.

Bake: To, Baba, in Allah ya yarda.

Baba Sabi: Sai dai ba wannan satin ba. Saura min kwana biyar na magani. In kika kuskura kika gaya mata… Ga ta nan tafe! Ehem, kamar yadda nake ce miki, ni ƙwaya ko ɗa…

Bake: Alo? Baba? Alo?