Baƙon da Ya Zama Maigida

A bencin jira na shagon gyara, wata mai ɗinki ta rungume na'urar intanet ɗin shagonta. Wani direba yana gefenta riƙe da waya.

"Hajiya, me ya same ta?"

"Korata ta yi, Malam. Kalmar sirrin baƙi na manna a bango. Wani baƙo ya zama maigida, ya canza makulli. Ko hoton ɗinki ba na iya karɓa."

Direban ya yi dariya. "Laifin maƙeranta ne. In ka shiga a baƙo, ka ƙara ɗan rubutu a shafin gwaji, sai ta miƙa maka makullan gidan duka. Ba ta tambayar ɗan wane ne."

"Ka ƙware."

"Wata uku ina morar wata a bayan tasharmu. Yau ta ɗauke, shi ne na kawo wayar a duba."

Matar ta dubi abin da ke cinyarta.

"Ƙarfe nawa ta ɗauke?"

"Bakwai da rabi."

"Wayarka lafiyarta ƙalau, maigida. Lokacin na zare ta daga bango. Faɗo sabuwar kalmar, mu huta da layi."