Yadda Ubangiji ya riƙe mini hannu a kan ɗana Arzika

Salama a gare ku, 'yan'uwa, cikin sunan Yesu Mai Ceto! Ku yi mini haƙuri, yau bakina ba zai rufu ba.

Ni ne Gado, mutumin Ɗan Kassari. Shekara bakwai ina aikin gardi, wato dogarin gwamnati, a barikin kumandan mai mulkin nan Dogon Dutsi, ina kora mutane aikin hanya da bulala. Da na ajiye aikin, sai na koma kan iyalina. Tuwo ya makara, duka. Yaro ya yi kuka, duka.

Ɗana Arzika kuwa ya gagari unguwa. Ya fasa wa ɗan maƙwabci kai, ya ciji kakarsa. Dangi suka ce iska ce, a kai shi garin Lugu wurin masu bori. Ni kuma na ƙara masa duka.

Ran nan na dawo daga gona, na iske shi yana zabga wa ƙanwarsa kara, yana cewa, "Tashi, 'yar banza, kumandan na jira!" Muryata ce sak! Na ɗaga hannu, sai uwarsa ta sha gabana.

"Maigida, wa za ka buga? A bakin wa ya ji wannan?"

Wayyo, kunya! Na zaga bayan rumbu na durƙusa. Lokacin watana uku da fara zuwa sujada, ban iya addu'a sosai ba. Na ce, "Yesu, ni ne marar lafiya. Ka riƙe mini hannun nan!"

Bayan kwana huɗu Arzika ya bar awaki suka cinye mini wake. Na nufo shi a fusace. Ya tsuguna ya rufe kai, yana jiran bugu. Na kira sunan Yesu a zuci, na zauna ƙasa kusa da shi.

"Tashi mu gyara shinge," na ce.

Ya ɗago. "Baba, ba ka buguna?"

"Na daina."

Ya fashe da kuka, ni ma hawaye suka zubo mini.

Ba zan ɓoye muku ba, sau biyu na sake faɗuwa, kuma ni uba na roƙi ɗana gafara. Amma damina biyu ke nan ba wanda ya kawo ƙararsa. Shekaranjiya ma shi ya raba yara faɗa a bakin rijiya. Arzika fa! Halleluya!

Na gode wa Ubangiji. Iyaye, wanda zuciya ta fi ƙarfinsa, ya kai ta wurin Yesu, kada ya sauke ta a kan ɗansa. Ya ji ni, ku ma zai ji ku. Amin!